Ciniki a Teburin Cif Dagogo

Daga Kasuwar Oil Mill ta Fatakwal har Abakpa Nike a Inugu, ka haɗa da Anaca a tsakiya, ba a taɓa haihuwar ɗan Adam da ya san nawa ake ƙarawa a teburin foka, cacar katin nan ta Turawa, kamar ni ba. Ni ne Sale, wanda ake ce wa Sale Ƙari. Akwai lokacin da in na ɗago hannu da kuɗi, fankar sama ma rage gudu take yi ta ga wa zai bi ni. Na taɓa sa wani ɗan kwangila ya ajiye katinsa, ya cire hularsa, ya nemi ruwan sanyi, alhali abin da ke hannuna ko a wasan yara ba zai ci ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ku samarin Abakpa masu zama bayan shagon caji kuna danna waya. Na je ziyara wurin surukina, na ji wani daga cikinku yana cewa, "Ai foka ba wuya, in ka samu kati mai kyau ka ninka uku kawai." Na kusa shaƙewa da goro. Ban zo in koya muku caca ba. Na tuba, limamin unguwarmu shaida ne, har ya gaji da jin tubana. Amma shekara goma sha ɗaya da ita na ci na sha, kuma ba zan zauna yaron da bai taɓa riƙe kati da hannunsa ba ya ce sana'ar ninka uku ce.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Ana zama mutum takwas ko tara. A ba kowa kati biyu a rufe. Mutum biyu su zuba kuɗin dole a tsakiya tun kafin su duba nasu, don a sami abin da za a yi faɗa a kai. A teburan da na yi aiki, babban kuɗin dolen naira dubu ɗaya ne. Daga nan magana ta zagaya. Ko ka ajiye katinka ka huta, ko ka bi da dubu ɗayar nan, ko ka ƙara, duk mai son ci gaba sai ya biya abin da ka yanka. Sai an gama wannan ake buɗe kati uku a tsakiya, sannan ɗaya, sannan ɗaya, na kowa da kowa ne, wanda nasa biyun suka fi dacewa da su ya kwashe. Sana'ata gaba ɗaya tana cikin ƙarin nan na farko, kafin a buɗe komai. Sauran, ko ɗan koyo zai lallaɓa.

Ina da shekara ashirin da biyar na bar rumfar albasar mahaifinmu a Oil Mill. Na tsaya a tsakiyar layin 'yan albasa na yi rantsuwa, kowa na ji, cewa ni da albasa sai dai mu haɗu a cikin miya. Ƙanena Habu ya gaji rumfar. Ku riƙe wannan, don duk wasan da na yi a rayuwata, abin da nake gudu ke nan: in koma kan bencin rumfar nan in zauna a ƙarƙashin ƙanena, 'yan layi suna yi mini sannu da dawowa.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Inuwa, mutumin Haɗeja. Shekara ashirin ya yi yana raba kati a wani otel tun zamanin da Turawan mai suka cika Fatakwal, kuma bai taɓa zuba sisinsa a tebur ba. Cewa yake yi mai rabo shi ne yake ganin kowa tsirara. Wata takwas ya sa ni ina cakuɗa kati ina rabawa, ba wasa. Shi ya nuna mini kayan aiki. Kati na roba, don na takarda a damshin Fatakwal kumbura yake yi kamar burodi a shayi. Ƙwayoyin roba masu launi da ake kira cips, su ne a madadin kuɗi, kowane launi da darajarsa. Ɗan tawul na goge hannu, don gumin tafi yana tona asiri. Goro kuwa ya hana ni shi a tebur, ya ce in na ga kati mai kyau muƙamuƙina gudu yake yi kamar keken ɗinki.

Ranar da ya fara barina na zauna, ban yi minti goma ba na ɗaga katina na ga es biyu. Es shi ne babban kati, ya fi sarki, kuma biyu daga cikinsa babu abin da ya fi su a farawa. Na gyara zama na ce dubu uku, irin taku ta waya. Mutum bakwai suka bi. Ɗaya daga cikinsu yana waya da matarsa, ko duba katinsa bai yi ba, da gwiwar hannu ya turo kuɗin. Aka buɗe tsakiya, wani mai sayar da tayil da ya shigo da tara da huɗu, katin da ko a ƙasa ka tsinta ba za ka sunkuya ba, ya haɗa tara biyu da huɗu biyu ya share ni tas.

A hanyar gida Baba Inuwa ya ce, "Nawa ka ƙara?"

Na ce, "Dubu uku, Baba. Ninki uku."

"Mutum nawa suka biyo ka?"

"Bakwai."

"To ai ba ƙari ka yi ba, walima ka kira. Es biyu suna kayar da mutum ɗaya. Suna kokawa da biyu. Bakwai kuwa, dole a cikinsu a sami wanda Allah ya ciyar da shi yau. Kai ka ba su tikiti da araha, me ya sa ba za su shiga su gwada ba?"

Daga ranar na fara koyon abin da waya ba za ta gaya muku ba. A teburin da mutane ba sa jin zafin kuɗi, lambar da kake nema ita ce wadda mutum ɗaya ko biyu za su bi, sauran su ajiye suna ƙunƙuni. In biyar suka bi, ka yi araha. In kowa ya gudu, ka yi tsada. Kuma ba a rubuce take a ko'ina ba. Zama za ka yi rabin awa ba ka taɓa komai, kana kallon a nawa ne mutane suke fara ɓata fuska. Duk wanda ya riga ka shiga da dubu ɗaya, ka ɗora dubu biyu a kansa, don wanda ya riga ya sa ƙafa ba ya son fita. In kai ne za ka fara magana bayan an buɗe tsakiya, ka ƙara ɗorawa, don mai fara magana a makance yake tafiya, dole a biya shi wahalarsa. Ka kuma leƙa abin da ke gaban mutum. Wanda dubu ashirin ta rage masa, in ka ce masa goma sha biyu, turo maka duka zai yi ya bar ka da ciwon kai.

Darasi na ƙarshe kuwa, Baba Inuwa ya riƙe kunnena da hannunsa ya faɗa. Ya ce, "Farashi ɗaya. Es biyu ne, shara ce, in dai za ka ƙara, lamba ɗaya. Kai ɗan 'yan albasa ne, na san jininku. Kada ka yi wa mai kyau kuɗi daban, marar kyau kuɗi daban." Na ce, "Baba, ni da na bar kasuwa?" Ya saki kunnen.

Kowane gari da lambarsa. A Uwani, a Inugu, na yi shekara biyu a teburin ma'aikatan gwamnati. Farkon wata sai ka ce dubu takwas kafin wani ya ɗaga gira. Bayan ashirin ga wata, dubu huɗu tana share teburin kamar an ce ga 'yan sanda nan. A Anaca 'yan kasuwa ne, kowa da na'urar lissafi a cikin kai. Ka ce dubu shida, mutum ɗaya ya bi. Ka ce shida da ɗari biyar, duk su ajiye, wani ma ya tambaye ka me ya sa kaya suka tashi. Fatakwal kuwa, Allah ya yi wa kuɗin mai albarka. Na taɓa cewa dubu goma, mutum biyar suka bi. Na ce goma sha biyar, huɗu suka bi, na biyar ɗin ya ba ni haƙuri ya ce yana banɗaki ne bai ji ba.

Teburin da ya rufa mini asiri, kuma shi ya tone shi, shi ne na Cif Dagogo. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, a saman benen da yake ajiye kayan gini kusa da titin Aba, daga ƙarfe ɗaya zuwa kafin magariba, don matar Cif ba ta yarda ya ci abincin yamma a waje ba. Cif ɗan kwangila ne, ƙato, in ya yi dariya cips rawa suke yi a kan tebur. Shi ba ya ajiye kati. Aƙidarsa ita ce ya biya kuɗin kujera da lemo, don haka sai ya ga ƙarshen kowane wasa. Sai Madam Uju, mai gidan abinci. A Sabon Garin Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa tsabta, kullum da "Malam Sale, ina gajiya?" take tarbata. Sauran mutum shida suna canzawa, amma duk 'yan bi ne.

A wannan teburin lambar ita ce dubu goma sha biyu. Na gwada goma, na gwada sha biyar, sha biyu ce take kawo mini Cif da mutum ɗaya, daidai yadda nake so. Shekara uku ina ci. Na sayi keke mai ƙafa uku guda biyu na ba da haya. Na yi ƙiba har sai da tela ya ƙara yadi. In na ratsa ta Oil Mill, toshe hanci nake yi a gaban rumfar Habu don ya ji haushi.

Akwai wata doka a gidan Cif: magana ba ta ɗaure mutum sai cips ɗinsa sun tsallake farin layin da aka zana a ƙyallen tebur. Wata Lahadi na ɗaga katina na ga sarki biyu. Na tara cips a hannu, na ɗaga sama kowa ya gani, na ce, "Sha biyu." Kafin in sauke, Cif ya kwantar da kai kamar mai sayen tumatir ya ce, "Aboki, how much last?" Wato nawa ne na gaskiya. Tebur ya kwashe da dariya.

Ni kuwa wani abu ya motsa a ƙirjina wanda na zaci ya mutu. Kaya masu kyau a hannu, ga mai saye yana tayi. Bakina ya buɗe da kansa.

"Haba Cif, kai ai na gida ne. Don kai, kawo takwas."

Mutum uku suka bi suna dariya. Aka buɗe tsakiya, sarki na uku ya fito yana kallona. Ranar sai da aka ba ni leda na zuba abin da na ci.

Bayan kamar awa ɗaya na ga kowa ya yi sanyi, na ce bari in yi sata. Bakwai da uku ne a hannuna, shara zalla. Na ɗaga cips na ce sha biyu. Cif, da abin ya yi masa daɗi, ya sake tayawa. Wannan karon ba na son kowa ya biyo ni. Na ɗaure fuska na ba shi amsar da duk ɗan kasuwa yake ba wanda ya yi tayin da bai kai ba: "Albarka, Cif. Sha biyu, ko sisi ba ragi." Duk suka ajiye, har shi.

Na koma gida ina jin ya kamata a sa sunana a littafin makaranta. Na ƙirƙiro abin da Turawan da suka kawo wasan ba su taɓa tunani ba. In ina son baƙi, in sauke musu farashi su shigo. In ba na so, in ce albarka su watse. Daga ranar ciniki ya zama al'adar tebur. Duk sanda na ɗaga hannu sai Cif ya taya, wani lokaci ma Madam Uju ta sa baki da Hausa, "Malam Sale, a duba mu mana, mu ma 'yan gari ne." Ni kuma ina amsawa yadda hannuna ya ba ni. Ku da kuke karantawa kun riga kun ga ramin. Ni da nake tsaye a bakinsa, wallahi shimfiɗa nake gani.

Muguwar shekarar ba ta zo da ganga ba. A hankali na lura in na samu kati mai kyau na yi ragi, sai kowa ya ajiye kamar an fara yayyafi a kan shanya. In kwashe dubu ɗaya da ɗari biyar na kuɗin dole, kuɗin da ko motar zuwa ba su biya ba. In kuwa na ce albarka, sai Madam Uju ta gyara ɗankwali ta ce, "Arba'in." Ni da shara a hannu, in ajiye in bar mata sha biyuna. Ko Cif ya bi yana murmushi, a buɗe tsakiya ya danna mini kuɗi, in gudu.

Na zargi kowa da komai. Na ce katin ya tsufa, aka sayo sabo. Na ce kujerar ƙarƙashin fanka ce take kore mini sa'a, na koma gefen taga. Na canza hula sau uku. Na zargi bakin 'yan layin albasa. Har Anaca na tafi na yi wata guda, inda babu mai taya ni, na riƙa faɗin shida ina turawa shiru, kuma na ɗan ci. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi sa'a ta dawo, na hau mota na kawo wa Cif ita da zafinta.

Keken farko ya tafi. Na kira Baba Inuwa, lokacin ya koma Haɗeja yana kiwon tumaki. Na kwashe labarin asarata na gaya masa, ban da cinikin, don a ganina wannan wasa ne kawai na raha.

Ya ce, "Farashi ɗaya kake yi?"

Na ce, "Baba, sha biyu. Kullum sha biyu." Kuma har zuciyata na yarda gaskiya na faɗa.

Ina jin tunkiya tana kuka a bayansa. Ya ce, "To ko dai ƙaddara ce, ko dai akwai abin da ka rage."

Da na sayar da keke na biyu, Habu ya zo gida da kansa. Ya gaishe ni a durƙushe, yadda ya saba, sannan ya ce, "Yaya, bencin mahaifinmu yana nan, kullum ina goge shi." Matata Ladidi tana bakin ƙofa ta ce, "Ka ji ƙaninka." Aka yi magana a gaban mahaifiyarmu: in kuɗin keken nan suka bi 'yan'uwansu, ranar kasuwa mai zuwa ina rumfa, Habu ne mai gida, ni ne mai jiran kaya. Na amsa da ƙarfi don na san ba za a kai ga haka ba. Sale Ƙari ne fa.

Lahadin ƙarshe na hau benen Cif da naira dubu ɗari da tamanin, iyakar abin da na mallaka ban da tufafi. Ban daɗe ba na samu sarauniya biyu. Sha biyu, Cif ya taya, na ce takwas, kowa ya ajiye. Na samu es da sarki. Na sauko har bakwai. Na ga ba motsi, na ce, "Cif, kawo shida, kada mu yi ta ja." Cif Dagogo, mutumin da ya taɓa bi na da kati ɗaya don ɗayan ya faɗi ƙarƙashin tebur yana ƙyuyar sunkuyawa, ya dafa ciki ya ce yau bai jin daɗin jikinsa, ya ajiye. Sau biyu kuma na ce albarka, sau biyu Madam Uju ta kore ni. Da la'asar ta yi na sauka ƙasa na yi salla a gefen buhunan siminti. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na ji kunyar abin da zan roƙa, sai na roƙi lafiya kawai na hau sama.

Dubu ɗari da hamsin suka rage. Aka raba, na ga tara da shida. Ni ne na ƙarshe a magana, mutum huɗu sun riga sun shiga da dubu ɗai-ɗai. Na yi lissafi yadda aka koya mini, sha biyu da biyu-biyu sau huɗu. Na ɗaga hannu na ce, "Ashirin."

Cif ya ce, "Aboki, last?"

"Albarka."

Madam Uju ko katinta ba ta sake dubawa ba. Ta ce, "Sittin."

Na dube ta, ta dube ni, tana tauna cingam. Na ce a raina ba zai yiwu a ce kullum ita ce da kaya ba, yau sai na nuna mata wanda ya ƙirƙiro wasan. Na sa hannu biyu na tura duk abin da ke gabana. Ban gama turawa ba ta ce ta bi. Ta juya katinta: takwas biyu. Takwas biyu kacal! Matar da take auna gishiri da cokali a gidan abincinta ta zuba dubu ɗari da hamsin a kan takwas biyu, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Aka buɗe kati biyar a tsakiya, babu tara, shida ɗaya ta leƙo ta yi mini gwalo. Shi ke nan. Na miƙe na karkaɗe riga kamar wanda ya tuna yana da wani taro. Cif ya sa aka ba ni lemo mai sanyi na sha a hanya.

Ranar Laraba, ranar da Oil Mill take ci, na zauna a kan bencin. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina gudu ya same ni tun kafin hantsi. 'Yan layi suka yi jerin gwano. "Sale, sannu da dawowa!" "Sale, ya miya?" Wani dattijo ya kawo mini ƙyalle wai in ɗaure hanci. Habu bai yi dariya ba, ya dai ce, "Yaya, a ɗan matsa da buhun can, yana tare hanya," ni kuma na tashi na matsa da shi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na hango ɗankwalin da na sani. Madam Uju ce, ashe shekara da shekaru a wurin Habu take sayen albasar gidan abincinta. Na ja hula na rufe fuska, amma ina.

"A'a! Malam Sale! Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Madam."

"An canza ofis ke nan. To madalla. Wannan buhun nawa?"

Na faɗa mata kuɗin da Habu ya ce in riƙa faɗa. Ta taya ƙasa. Na ɗaure fuska na ce, "Albarka."

Matar nan ta yi dariya har ta zauna a kan buhun. Ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Habu, zo ka kwance mini wannan in ga ƙasansa. Tunda yayanka ya ce albarka, babu komai a ciki."

Habu ya ce, "Madam, kaya masu kyau ne, jiya suka sauka. Me ya kawo wannan magana?"

Ta ce, "Ba ka sani ba? Shekara guda muna wannan ciniki da shi a tebur. In ya yi murmushi ya sauke farashi, to ya riƙe abin kashe mutum, kowa ya gudu. In ya haɗe rai ya ce albarka, ko takarda ce a hannunka ka bi shi. Ni na fara ganewa, sati uku kawai ya ɗauke ni."

Na ce, "To ke kika gane. Sauran fa?"

"Na fassara musu mana. Ai ba kyau a bar mutane ba su jin Hausa."

'Yan layi sun riga sun taru. Na ga dole in ceci wani abu, na gyara murya na ce, "Duk da haka, Madam, ki faɗi gaskiya a gaban jama'a. Shekara uku ina cin teburin nan. Kun taɓa ganin wanda ya iya wasa kamata?"

Ta miƙe, ta sa aka ɗora mata buhun a baro, ta ce, "Wallahi ba mu taɓa ba, shi ya sa tun Lahadi kowa ya damu. Cif ma ya ce in gaishe ka. Ya ce duk ranar da ka sake tara jari, kujerarka tana nan, kuma kuɗin motar zuwa shi zai biya."